Kai Kuka Ga Hukuma Ba Giba Ba Ce

Jama'a, wasu suna tsoron kai kukansu ga hukuma, wai kada su ci naman wani. To, ku sani Imam Nawawi ya lissafa wurare 6 da ambaton laifin mutum ya halatta. Na farkonsu shi ne tazallumi, wato wanda aka zalunta ya kai ƙara ga mai ikon share masa hawaye.

Saboda haka, in famfo ya ƙafe a Kawo, ko aka danne hakkinku, ku rubuta wa Majalisar Dokoki a Lugard Hall, ko Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a da gwamnatin Janar Murtala ta kafa a 1975. Sharaɗi dai a faɗi gaskiya ba ƙari, kowa ya sa hannu da sunansa. Allah Ya sa mu dace.