Kafin a Kai Rabon Gado Kotu a Miga

Idan rabon gado ya kai ku kotun shari'a, kada ku ɓoye wa lauyanku komai, ko da abin kunya ne, domin bashin mamaci da wasiyyarsa ake fara cirewa, sannan matarsa ta karɓi tumuni idan akwai 'ya'ya.

A Miga, gonar fadama kan jawo shari'a. Ambaliyar kogin Haɗejia, irin ta 2022, kan share iyakoki ta lalata takardu. Don haka ku nemi shaidar mai unguwa da maƙwabtan gona tun da wuri, musamman dattawan cikinsu, ku kuma ɗauki hoton takardar ciniki ko jingina a waya. In hukunci bai gamsar da ku ba, ana ɗaukaka ƙara har Dutse, sai dai wa'adin yin hakan gajere ne.