Kallon Shirye-shiryen Girki a Lokacin Rage Ƙiba: Faɗakarwa ga Mazauna Guri da Kewaye

Ƙiba, wato taruwar kitse a jiki har ya kai matakin da zai cutar da lafiya, ba ita ce damuwar da aka fi sanin Ƙaramar Hukumar Guri da ita ba, domin a wannan yanki na Masarautar Haɗeja, kamar sauran sassan Jihar Jigawa, abin da ya fi ɗaukar hankalin ma'aikatan lafiya shi ne tamowa da tsumburewar ƙananan yara. Duk da haka, aikin ba da shawara kan abinci a cibiyoyin lafiya na yankin yana nuna cewa akwai wani rukuni na jama'a da ke ƙaruwa, waɗanda hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon gwiwa ya sa likita ya umarce su da rage nauyi, kuma a cikinsu akwai malamai da ma'aikatan ofis da dillalan kifi da na hatsi masu wuni a zaune, da kuma matan aure waɗanda injin niƙa da famfo suka rage musu aikin ƙarfi. Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a Najeriya a shekarar 2018 ya gano cewa kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, don haka ba abin mamaki ba ne a tarar da yaro mai tamowa da uwa mai ƙiba a unguwa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya.

Ana gane ƙiba ta hanyar raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita bayan an ninka tsawon da kansa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki 25 a matsayin farkon wuce ƙima, 30 kuma farkon ƙiba mai haɗari. Macen da tsawonta ya kai mita 1.6 kuma nauyinta kilo 80 ne ta haura 31 a wannan ma'auni, amma rage kilo 4 zuwa 8 kawai, wato kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, yana iya kawo sauƙi a bayyane ga hawan jini da sukarin jininta. Masu wannan ƙoƙari sukan lissafa abin da suka daina ci dalla-dalla, amma da wuya a tambaye su abin da suke kallo, alhali idan aka zurfafa hira sai a tarar cewa da yawansu suna raba dare suna kallon yadda ake soya kaji da haɗa kek da naɗa shawarma, suna ganin tun da ba su kai loma baki ba babu abin da ya same su.

Shirye-shiryen girki sun daɗe a gidajen talabijin na Arewa, kuma tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 shirinta na Akushi Da Rufi ya shiga gidaje masu yawa, sannan wayar hannu da cajin sola suka kai bidiyon girki na Facebook da TikTok da YouTube har garuruwan da wutar lantarki ba ta zama a cikinsu. Waɗannan shirye-shirye sun koyar da tsafta da dabarun girki, mata da dama kuma sun samu sana'a ta dalilinsu, saboda haka babu dalilin a ɗora musu laifi gaba ɗaya. Sai dai akwai bambanci tsakanin darasin girki da bidiyon da aka yi domin tada kwaɗayi kawai, irin wanda ake kira mukbang, wanda ya samo asali daga Koriya ta Kudu, inda mutum guda yake zama gaban kyamara ya cinye abincin da zai ishi iyali, abin da ya kai ƙasar Sin ga haramta yaɗa irinsa a dokarta ta hana almubazzaranci da abinci ta shekarar 2021.

Illa ta farko ita ce jiki ba ya jiran abinci ya shiga baki kafin ya fara shirin karɓarsa. Masanin nan na ƙasar Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 1904 saboda bincikensa kan narkewar abinci, ya nuna cewa gani da ƙamshi, har ma da alamar da aka saba haɗawa da lokacin cin abinci, sun isa su sa yawu ya tsinke kuma ciki ya fara fitar da ruwan narkarwa. A 1999 masu bincike a Japan suka gano girelin, wani sinadari da tumbi yake sakewa cikin jini ya isar wa ƙwaƙwalwa da saƙon yunwa, sannan a 2012 wani gwaji da aka yi a Cibiyar Max Planck da ke birnin Munik na Jamus ya nuna cewa kallon hotunan abinci kaɗai ya ɗaga wannan sinadari a jinin lafiyayyun samari. Haka kuma a 2016 Rebecca Boswell da Hedy Kober na Jami'ar Yale a Amurka suka tattara sakamakon bincike 45, suka tabbatar da cewa ƙarfin motsuwar sha'awar mutum idan ya ga abinci yana da alaƙa da yawan cinsa da kuma ƙaruwar nauyinsa, kuma hoto da bidiyo suna yin tasiri kusan daidai da abincin da aka ajiye a gabansa. Wanda ya rage cin abinci jikinsa yana cikin halin neman mayar da abin da ya rasa, shi ya sa tasirin ganin abinci ya fi ƙarfi a kansa fiye da wanda yake a ƙoshe.

Illa ta biyu ta fi ɓuya, domin ta shafi ma'aunin da mutum yake gani da shi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai ƙimar da ido ya sani ita ce wadda ya saba gani, don haka idan kullum yana ganin ana tuttula rabin kwalbar mai a kasko, ana juye gwangwanin madara da bota da mayonis a kwano ɗaya, ana marmasa dunƙulen ɗanɗano biyar ko shida a tukunya, a hankali sai wannan ya zama shi ne daidai, miyar kuka da ta kuɓewa kuma su koma kamar abincin rashi. Gram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, kalori kuwa shi ne ma'aunin kuzarin da abinci yake bai wa jiki, alhali gram ɗaya na sitacin hatsi ko na sinadarin gina jiki kalori 4 ne, kuma babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120, wanda sai an yi tafiyar kusan rabin awa kafin a ƙone shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin gram 50 a rana ga baligi, gishiri kuma ya gaza gram 5, alhali kwalbar lemo ɗaya mai rabin lita tana iya cinye kason sukarin yini gaba ɗaya.

Illa ta uku ita ce ci a gaban allo. Wanda yake ci idonsa na kan waya ba ya lura da yawan lomarsa kuma ba ya riƙe ta a ƙwaƙwalwa, kuma nazarin da Eric Robinson da abokan aikinsa na Ingila suka wallafa a 2013 ya nuna cewa ci cikin shagala yana ƙara yawan abin da aka ci nan take, sannan ya ƙara na cin da zai biyo baya. Da yake yawancin kallon bayan sallar Isha'i ake yinsa, sakamakonsa yakan zama aika yaro wajen mai shayi ko mai tsire, ko dafa taliyar leda da ƙwai a lokacin da jiki ba zai ƙara motsi ba, ga kuma ƙarancin barci wanda shi kansa yana tada yunwa washegari. A watan Ramadan lamarin yakan tsananta, domin lokacin ne aka fi yawaita shirye-shiryen girki, kuma mai azumin da ya shafe la'asar yana kallonsu yakan cika faranti da ƙosai da fanke da soyayyen dankali da samosa, har wasu su fito daga watan da nauyin da ya fi wanda suka shiga da shi, saɓanin koyarwar hadisin da ya raba ciki kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi.

Abin da aiki ya nuna yana da amfani shi ne tsara kallon, domin dogaro ga ƙarfin zuciya kaɗai yakan gaza a ƙarshen yini lokacin da gajiya ta taru. Mai son koyon girki ya kalli darasinsa da rana bayan ya ci ya ƙoshi, ya zaɓi girki guda da yake nufin koyo, idan ya gama ya ajiye wayar. Shafukan sada zumunta suna ƙara turo wa mutum irin abin da ya fi tsayawa a kansa, saboda haka daina bin shafukan ciye-ciye da saurin wuce bidiyonsu yana rage zuwansu. Ya kamata a ci abinci a zaune ba tare da waya ko talabijin ba, kowa da kwanonsa idan ana son sanin ƙima, a auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga kwalba, kuma kada a ajiye cincin da dubulan da lemon kwalba inda hannu zai kai gare su da dare. Idan kwaɗayi ya taso, shan ruwa da tashi a yi wani aiki yakan isa, domin irin wannan sha'awa tana hawa ne ta sauka da kanta.

Fadamar Kogin Haɗeja ta wadata mutanen Guri da abin da masu neman lafiya a manyan birane suke saye da tsada. Tarwaɗa da karfasa idan aka gasa ko aka yi farfesu ko banda sun fi soyayyu, wake da gero da dawa suna riƙe ciki fiye da farar fulawa, ga zogale da rama da yakuwa da kuɓewa da tumatir da gurji da kankana daga lambunan rani, kuma faranti mai kyau shi ne wanda ganye ya cika rabinsa, tuwo ko shinkafa suka ɗauki rubu'i, kifi ko wake suka ɗauki ragowar. Gwajin rigakafin ciwon sukari da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa shirin da ya sa a gaba rage kashi 7 cikin 100 na nauyi tare da motsa jiki na minti 150 a mako ya rage kamuwa da cutar da kashi 58 cikin 100 ga waɗanda suke bakin kamuwa, ba tare da wani shayin rage tumbi ko ƙwayar da ake tallatawa a intanet ba.

Ana kira ga ma'aikatan lafiya da su riƙa tambayar majinyata abin da suke kallo kamar yadda suke tambayar abin da suke ci, ga masu shirya girki da su riƙa faɗin ma'aunin mai da sukari da gishiri tare da nuna hanyoyin da suka dace da masu hawan jini da ciwon sukari, ga magidanta kuma da su taya matansu maimakon a riƙa yi wa mai rage ƙiba gorin cewa ta rame. Duk wanda yake shan maganin sukari ko na hawan jini, da mai juna biyu da mai shayarwa, su tuntuɓi cibiyar lafiya mafi kusa kafin su sauya tsarin cin abincinsu.