Mai Cutar Dabba, Ba Ya Barin Mutum

Ya kai mai karatu, in ka tsaya bakin babbar hanya a Kakuri ko Makera, ƙetaren kogin Kaduna, za ka ga motocin shanu suna wucewa zuwa Kudu. A kan cusa su har wani ya faɗi, 'yan'uwansa su tattake shi. A kasuwa za ka ga kaji a rataye, kai ƙasa, cikin rana. A unguwa kuwa yara suna harbin ƙadangare da danƙo, suna jifan kare, manya na dariya. Kada ka ce wasa ne.

Cikin 1751 wani mai zane a Ingila, William Hogarth, ya yi hotuna 4. A na fari yaro yana azabtar da kare. A na biyu ya girma, yana dukan dokinsa da ya faɗi. A na uku ya kashe mace. A na huɗu an rataye shi, likitoci suna feɗe gawarsa.

Daga baya masu bincike suka auna zancen. Cikin 1997, a jihar Masacusets ta Amurka, aka bi tarihin mutum 153 da aka kai ƙara don cutar dabba, aka gwada su da maƙwabtansu. Aka tarar yawan waɗanda suka taɓa laifin duka ko rauni a cikinsu ya yi biyar ɗin na maƙwabtan.

Ga dalili. Tausayi a zuciya guda ya ke. Wanda ya saba jin kukan akuya bai damu ba, kukan matarsa ba zai dame shi ba. Sau da yawa kuma yaron da a ke jibga a gida shi ke hucewa kan kyanwa. Ba kowane mai jifan kare ke zama mai kisan kai ba, amma alama ce, kada a raina ta.

Dokar laifuffuka ta Arewa da ta fara aiki cikin 1960 ta sa azabtar da dabba cikin laifuffukan da alƙali ke horo a kansu. Amma horon gida ya riga na alƙali. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. In ka ga ɗanka yana cutar dabba, hana shi da magana, ka bincika ko wani ne ke cutarsa. Sa'an nan ka ba shi kaza ya yi kiwo, abincinta da ruwanta a wuyansa.

Tambayoyi
1. Me Hogarth ya zana a hoto na biyu?
2. Don me ba a hana yaro mugunta da bulala?