Abincin Kallon Ƙwallo da Kuɗi Kaɗan

Tambaya: Abokaina za su zo gidana a Agege kallon wasan Super Eagles, ga aljihu babu nauyi. Me zan dafa musu?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ci bashi don fita kunya. Dafa garau-garau tukunya guda, da mai da yaji, kowa ya ɗiba da kansa. Yana ƙosarwa, kuma ɗan Arewa ba ya raina shi. Albasa da attaruhu ka saye su a kasuwar Mile 12 da sassafe, nama kaɗan a mayankar Oko-Oba. Zoɓo ya fi lemon kwalba araha. Kada ka je kasuwar Idumota don farantai, kuɗin mota zai cinye rarar. Ara wajen maƙwabta. Man janareta kuwa, abokan su yi karo-karo.