Kafin Ka Tsallaka Iyaka, Gyara Wayarka

A hutun da ya wuce na raka kawuna daga Kafin Hausa zuwa Damagaram, muka bi ta Gumel da Maigatari. Muna shiga Nijar na kira Inna in shaida mata mun tsallaka lafiya. Ko gaisuwa ba mu gama ba katina ya ƙare ƙaƙaf. Kwana biyu ba ta ji ɗuriyarmu ba, ta kasa barci. Ga abin da na koyo.

Na farko, layin Najeriya in ya fita waje, sabis ɗin wani kamfani yake ara, shi ya sa kira ke tsada, amsawa ma ana cire maka kuɗi. Kashe datarsa tun kafin iyaka, amma kar ka cire shi, ta nan banki ke turo lambar sirri.

Na biyu, sayi layin can. A Nijar akwai Airtel, Moov da Zamani. In Saudiyya ka nufa, akwai STC, Mobily da Zain. Riƙe fasfo ko katin shaida, don sai an yi rajista. Waya mai layi biyu ta wadatar.

Na uku, WhatsApp ɗinka zai ci gaba da aiki da tsohuwar lambarka. Saƙon murya ya fi bidiyo sauƙin data.

Na huɗu, adana lambobin gida da +234, ka cire sifilin farko.

Inna dai ƙaramar waya gare ta. Don haka kowane dare nake tura wa ƙanwata saƙon murya, ta kunna mata bayan sallar isha'i.