Tambaya da Amsa: Ɗakin Katako a Bayan Gida, Sai da Izinin Hukuma?

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, ina haya da iyalina a Wangsa Maju, a irin gidajen nan da ke jere, bango ɗaya ya haɗa ka da maƙwabci. Akwai ɗan fili a bayan gidan. Ina so in kafa ɗakin katako in riƙa nazari a ciki, yara kuma su yi tilawa da yamma. Wani ya ce mini tunda ba siminti ba ne, hukuma ba ruwanta. Gaskiya ne?
Daga mai karatu a Wangsa Maju, Kuala Lumpur.

AMSA: Malam, Allah ya ba da sa'ar karatu, ya albarkaci yaran. Niyyarka kyakkyawa ce, amma wanda ya ba ka wannan shawara ya yi kuskure. A Malesiya doka ba ta duba ko da bulo aka yi gini ko da katako. Dokar tituna, magudanan ruwa da gine-gine ta 1974, a sashe na 70, ta hana kowa tayar da gini sai da rubutaccen izinin hukumar yankin, kuma ta ba hukuma ikon rushe abin da aka gina ba tare da izini ba. Ga kuma dokar tsara birni ta Yankin Tarayya ta 1982. Hukumar da ke riƙe da wannan aiki a unguwarku ita ce Majalisar Birnin Kuala Lumpur, wadda kowa ke kira DBKL. Idan ka san yadda jami'an hukumar tsara birane ta KNUPDA ke shafa jan fenti a bangon ginin da ba shi da takarda a Kano, to ka gane inda maganar ta dosa.

Amma kafin DBKL akwai mai gidanka. Kai ɗan haya ne, fili ba naka ba ne, kuma mai gida ne ke neman izini da sunansa. Ka fara da shi, ka nemi yardarsa a rubuce, ku kuma yi magana tun yanzu kan wanda zai mallaki ɗakin ranar da za ka koma gida. Maganar baka ba ta isa ba, domin kuɗin ajiyar hayarka na hannunsa. Idan ya yarda, sai a nemo mai zanen gini da ke da rajista ya zana taswira, a miƙa ta ofishin karɓar takardun gini na DBKL, a jira amsa.

Wannan ƙa'ida tana da dalili. Ka leƙa bayan gidanku, za ka ga siririyar hanya da magudanar ruwa ta siminti a gefenta. Ta nan masu kashe gobara da masu gyara ke wucewa, ta nan ruwa ke fita. A garin da ake tafka ruwan sama kusan duk tsawon shekara, rufin da ya zubar da ruwansa cikin gidan maƙwabci ko ɗakin da ya hau kan magudana fitina ne. Katako kusa da bangon wani, ga wayar lantarki an ja ta da ka, haɗarin gobara ne ga layin gaba ɗaya. Idan kuma gidanku na gangaren Bukit Dinding, kada a taɓa ƙasa sai injiniya ya duba. Mutanen yankin ba su manta da benen Highland Towers da zaftarewar ƙasa ta rusa a Ulu Klang ranar 11 ga Disamba 1993 ba, inda mutum 48 suka rasu.

Idan izini ya fito, a yi amfani da katakon da aka yi wa maganin gara, a ɗaga ɗakin daga ƙasa, a bar tagogi don iska, a kira ƙwararren mai aikin lantarki.

Shawarata, Malam, kada ka sayi ko falanki ɗaya sai takardar mai gida da ta hukuma sun shigo hannunka. Idan abin ya faskara, ka gyara wani ɗaki a cikin gida. Baƙo ne kai a ƙasar mutane, kuma kiyaye dokarsu kiyaye mutuncinka ne da na 'yan uwanka da ke zaune a can.