Darasin Turanci: Kalmar "Brace"

Kalmar wannan wata ita ce "brace". Ana faɗinta kamar "bires". A wajen magina da kafintoci, ma'anarta matokari, wato icen da ake tokare katanga da shi don kada ta faɗi.

Daga nan aka ari kalmar ga mutum. In mai karanta labarai a rediyo ya ce "farmers brace for floods", yana nufin manoma sun ɗaura ɗamara, ambaliya na tafe. Manomin fadama da ya gane wannan, sai ya kwashe hatsinsa zuwa tudu tun ruwa bai zo ba.

Ba a faɗinta wajen shirin biki ko suna. Sai kan abu mai wuya, kamar fari, tsadar taki ko mugun labari.